Mura ta kama ka: ka jira, ka sha antibayotik, ko ka nemi maganin bairos?

A rana ta huɗu haƙuri yake ƙarewa. Maƙogwaro ya ɗan lafa, amma hanci ya toshe ƙam, kai ya yi nauyi kamar an aza maka dutse, ka face majina ka ga ta yi kauri ta koma kore-kore. A nan ne yawancinmu muke yanke hukuncin cewa abin ya wuce mura, sai an haɗa da antibayotik. Ni ma na taɓa yi. Shekarun baya na matsa wa wani ma'aikacin lafiya lamba har ya rubuta mini amoksilin, na kuma san don ya rabu da ni ya rubuta. Na fara sha a rana ta huɗu, a ta bakwai na ware, na yi ta ba mutane labarin ingancin maganin. Gudawar kwana biyar da ta biyo baya kuwa, ko a mafarki ban ɗora masa laifinta ba. Sai daga baya, da na karanta yadda garkuwar jiki ke yaƙar bairos, na gane cewa ko ban sha komai ba a rana ta bakwan nan zan miƙe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: garkuwar jikina ta yi aikin, kafso ya kwashe yabon.

Wanda mura ko tari ya kama yana da hanyoyi uku a gabansa: ya jira yana lallaɓa jikinsa, ya sha antibayotik, ko ya nemi maganin da ke kai wa bairos ɗin hari kai tsaye. Akwai ta huɗu da ta shigo bakin mutane tun lokacin korona, wato sitiroid, maganin danne kumburi. Kowace tana da wurin da take amfani. Abin da ke raba gardama shi ne kwana nawa aka yi da fara ciwon, da kuma wane ne mai ciwon. Ba kuwa za a ga dalilin hakan ba sai an leƙa abin da ke faruwa a cikin hanci da huhu.

Yaƙin da ake yi a ciki

Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Ɗan ƙunshin bayanin gado ne a cikin rigar furotin, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum, ya karɓe kayan aikinta, ya mai da ita gidan buga kwafinsa. Kafin ya kai ga haka sai ya tsallake shinge. Tun daga hanci har cikin bututun iska akwai shimfiɗar majina mai danƙo, a ƙarƙashinta kuma akwai ƙananan gasu da ke kaɗawa ba dare ba rana, suna tura duk abin da ya maƙale zuwa maƙogwaro a haɗiye shi. Galibin abin da muke shaƙa a nan yake ƙarewa. Hayaƙin taba yana gurgunta waɗannan gasu, shi ya sa murar mai shan taba ta fi saurin gangarawa ƙirji.

Idan bairos ya samu ya shiga, ƙwayar halittar da ya kama ba ta mutuwa shiru. Takan saki wani sinadari da ake kira intaferon, wanda yake kamar kururuwa ga maƙwabta: kowa ya kulle ƙofa, ɓarawo ya shigo. Ƙwayoyin da ke kewaye sai su kunna ɗaruruwan matakan da ke hana bairos buga kwafi a cikinsu. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957, suna gwaji da bairos ɗin infuluwenza a jikin fatar cikin ƙwan kaza. Abin mamakin shi ne, ciwon gaɓoɓi da kasala da zazzaɓin da muke ɗora wa bairos, kaso mai yawa nasu aikin intaferon ne da 'yan'uwansa sinadaran aike. Shaida a nan: a shekarun da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon, sukan kwanta da zazzaɓi da ciwon jiki sak irin na infuluwenza, alhali ba su da ita.

Muhimmancin wannan kururuwa ya fito fili a 2020. Wani bincike da aka buga a mujallar Science ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa suna ɗauke da antibodi (furotin da garkuwa ke ƙerawa don manne wa abokin gaba) da ke kashe nasu intaferon ɗin. Jikinsu ya toshe bakin mai kururuwa tun kafin ɓarawo ya zo. Su ma bairos ɗin ba a zaune suke ba, infuluwenza tana da furotin mai suna NS1 wanda babban aikinsa danne intaferon.

Cikin kwana ɗaya zuwa uku fararen ƙwayoyin jini sun cika wurin. Jijiyoyin jinin hanci sun buɗe sun kumbura don su ba su hanya, wannan kumburin ne toshewar hanci, ba yawan majina kaɗai ba. Wasu ƙwayoyin kuma sukan yagi guntun bairos su kai shi ƙulullukan garkuwa da ke wuya, inda ake neman mayaƙan da suka dace da wannan bairos ɗin shi kaɗai. Kaluluwar da kake shafawa a ƙarƙashin muƙamuƙi tana zafi, sansanin horo ne ya cika. A can ake ninka ƙwayoyin T, masu bin duk ƙwayar halittar da ta kamu suna kashewa, da ƙwayoyin B masu ƙera antibodi da ke manne wa bairos su hana shi shiga. Wannan shiri yana cin kusan mako guda idan jiki bai taɓa haɗuwa da bairos ɗin ba. Idan ya san shi, ta hanyar riga-kafi ko kamuwar baya, kwanaki kaɗan sun isa.

To ga abin da ya kamata a riƙe. A infuluwenza, yawan bairos yana kai ƙololuwa ne a kwana biyu ko uku na farkon ciwo, daga nan ya fara sauka, zuwa mako guda ya kusa ƙarewa a jikin babba mai lafiya. Ke nan ciwon zango biyu ne. Na farko na bairos ne, yana ta ninkuwa. Na biyu na garkuwa ne da ɓarnar da yaƙin ya bari: kumburi, fatar bututun iska da ta saɓule, gasun nan masu shara da suka zube. Maganin da ke amfani a zangon farko yakan zama banza a na biyu, wanda ke ceton rai a na biyu kuma yana iya cutarwa a na farko.

Jira

Ga babba mai ƙoshin lafiya da murar yau da kullum ta kama, jira shi ne zaɓin da ya dace. Galibin irin wannan mura rainobairos ne ke kawo ta, yana da nau'i fiye da 160, babu kuma maganin da ke kashe shi. Yawan nau'in nan ne ya sa ake ta yin mura har tsufa: jiki yana haddace wanda ya gani, sai wani ya zo da sabuwar fuska. Ciwon yakan tsananta a rana ta biyu zuwa ta uku, ya sake ka cikin mako ɗaya zuwa kwana goma.

Tari ne ke yaudarar mutane. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 2013 ya nuna cewa tarin da ke biyo irin wannan ciwo yana ɗaukar kimanin kwana 18, alhali mutanen da aka tambaya suna tsammanin mako guda ne ko ya ɗan ɗara. Tazarar nan tsakanin abin da ake tsammani da abin da ke faruwa ita ke tura mutane neman antibayotik a rana ta takwas. Bairos ya riga ya tafi, bututun iska ne bai gama warkewa ba, ko iska mai sanyi ta taɓa shi sai ya motsa tari.

Mai jira ma yana da aikin yi. Barci, shan ruwa isasshe, ɗiga ruwan gishiri na hanci, da farasitamol ko ibufrofen idan ciwon kai da jiki sun hana sakat. Game da zazzaɓi, ni ina ganin a sha magani don a samu barci da sauƙi, ba don a kori lamba daga kan ma'aunin zafi ba. Zafin jiki ɗaya ne daga makaman garkuwa. Rainobairos ma ya fi son sanyin hanci, wajen digiri 33 zuwa 35, fiye da ɗumin cikin jiki.

Kurakuran da ake yi a nan su ne abin tsoro. Farasitamol bai kamata ya wuce giram 4 a yini ga babba ba, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, amma magungunan mura na haɗe-haɗe da yawa suna da shi a ciki. Mutum ya sha wannan ya ƙara da wancan, bai sani ba ya ninka, hanta ce za ta biya. Asfirin kuma ba a ba yaro ko matashi mai infuluwenza ko farankama, saboda wani ciwo mai kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hanta, wanda likita Douglas Reye ya bayyana a Ostireliya a 1963. Feshin buɗe hanci yana aiki nan take, amma idan aka zarce 'yan kwanaki hancin yakan saba, ya riƙa toshewa fiye da da. Magungunan tari na kan kanta kuwa, hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce kada a ba yaran da ba su kai shekara shida ba tun 2009.

Raunin jira ɗaya ne: idan aka jira a jikin da bai kamata a jira ba, ko aka ƙi lura da lokacin da ciwon ya sauya kama.

Antibayotik

Bakteriya halitta ce mai zaman kanta, tana da katanga a jikinta da injinan ƙera furotin nata. Amoksilin da danginsa katangar suke rushewa, azitromaisin kuma injinan yake tsayarwa. Bairos ba shi da katanga irin wannan, ba shi da inji, na mutum yake aro. Antibayotik ya shiga jini ya zaga bai sami abin da aka aike shi ba, sai ya faɗa wa bakteriyar hanji masu amfani. Daga nan gudawa, tashin zuciya, ƙaiƙayi da ƙuraje, wani lokaci har da rikicewar jiki mai toshe numfashi.

Koren majina fa? Launin daga wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira nutrofil, masu ɗauke da wani sinadari kore mai ƙarfe a cikinsa. Suna zuwa ko bairos ne ko bakteriya, su yi yaƙi su mutu a cikin majina. Idan ta kwana a hanci ta ƙara kauri da duhu, shi ya sa ta safe ta fi ban tsoro. Kore yana nufin garkuwa tana aiki, bai faɗi da wa take faɗa ba.

An gwada abin sau da yawa. Nazarin ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen magunguna, bai ga amfanin antibayotik a murar yau da kullum ba, a tarin ƙirji na bairos kuma abin da ya rage bai wuce kusan rabin yini ba daga tarin makonni, ga illolin da ya ƙaro. A lokacin korona duniya ta sha azitromaisin kamar ruwa, sai babban gwajin RECOVERY na Jami'ar Oksfod ya bayyana a ƙarshen 2020 cewa bai rage mutuwa ba ko kaɗan a cikin waɗanda ke kwance a asibiti.

Hujjar da na fi jin mutane suna kawowa ita ce, a sha tun da wuri don kada abin ya sauka ƙirji. Ba maganar banza ba ce, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Wani bincike a Birtaniya a 2007 ya nuna sai an ba mutum fiye da 4,000 masu mura antibayotik kafin a kare mutum ɗaya daga nimoniya. A binciken nan dai, ga 'yan shekara 65 zuwa sama da ciwon ya riga ya sauka ƙirji, adadin ya faɗo zuwa 39. Dubi tazarar. Magani ɗaya ne, jikin da aka ba ne ya bambanta.

Sai kuma bashin da ake ɗaukar wa kowa. Duk shan da aka yi ba bisa buƙata ba horo ne ga bakteriyar da ke jikinka su koyi jure maganin. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945. Mujallar Lancet ta buga ƙiyasi a 2022 cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a shekarar 2019 kaɗai.

Duk da haka kada wani ya ɗauka antibayotik ba shi da gurbi a wannan labari. Yana da shi, babba ma. Annobar infuluwenza ta 1918 ta kashe mutum wajen miliyan 50, kuma a 2008 David Morens da Jeffery Taubenberger da Anthony Fauci suka sake duba samfurin huhun mutum 58 da aka adana tun lokacin, tare da rahotannin binciken gawa fiye da 8,000. Abin da suka gani shi ne, galibin mamatan nimoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su bayan bairos ya share mata hanya. Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. Bairos ya saɓule gasun da ke shara, ya gajiyar da masu gadin huhu, sai bakteriyar da dama suke zaune lafiya a hanci da maƙogwaro su gangara ƙasa. A 1918 babu antibayotik. Yau akwai, kuma a nan yake ceton rai.

Alamar da ta fi kowace bayyana wannan sauyi ita ce sauƙi sannan koma-baya. Ka fara warwarewa a rana ta biyar ko ta shida, har ka koma aiki, sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, da makyarkyata, da sukar haƙarƙari idan ka ja numfashi, da haki. Murar bairos sauka take yi a hankali, ba ta juyowa haka. Akwai kuma ciwon kogon fuska, wato kumburin ramukan ƙashin da ke kewaye da hanci, idan toshewa da majina mai ruwan mugunya suka wuce kwana goma babu alamar sauƙi. Akwai ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi da farin mugunya a kan 'yan wuya da kaluluwa, babu tari babu yoyon hanci, musamman ga yaro ɗan makaranta: wannan yana iya zama bakteriyar sitiref, wadda idan aka ƙyale ta takan taɓa bawul ɗin zuciya daga baya. Duk waɗannan likita ne zai duba ya zaɓi maganin da adadin kwanakin. A Birtaniya likitoci suna da wata dabara da ta burge ni: su rubuta takardar antibayotik su ce ka ajiye, kada ka karɓa sai in kwanaki kaza sun wuce babu sauƙi. Da yawa ba sa komawa kanta.

Maganin bairos

Wannan shi ne wanda mutane suka fi rashin sani, shi ne kuma agogo ya fi matsa wa. Oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, an amince da shi a Amurka a 1999. Sababbin bairos ɗin infuluwenza idan sun fito daga ƙwayar halitta suna maƙale ne a jikinta, sai sun yi amfani da wani furotin nasu mai kama da almakashi sun yanke igiyar kafin su wuce gaba. Oseltamivir almakashin yake toshewa. Ka ga ke nan ba ya gyara abin da ya ɓaci, yaɗuwa kawai yake tsayarwa, shi ya sa ake so a fara cikin awa 48 da soma ciwo. Babba yakan sha miligiram 75 sau biyu a yini har kwana biyar. Wanda ya fara a rana ta biyar yana gida yana samun sauƙi, ihu bayan hari ya yi.

Nawa ne amfaninsa? Ga mai lafiya, kaɗan ne. Bayan doguwar jayayya a kan fitar da cikakkun bayanan gwaje-gwajensa, nazarin Cochrane na 2014 ya nuna yana rage ciwon manya da kusan awa 17, daga kwana bakwai zuwa shida da 'yan awoyi, yana kuma ƙara tashin zuciya da amai. Da ni ne ɗan shekara talatin lafiyayye, ba zan tashi hankalina a kan awa 17 ba. Amma labarin marasa ƙarfi daban ne. Wani nazari na 2014 a kan mutum fiye da 29,000 da aka kwantar a asibiti lokacin annobar infuluwenza ta 2009 ya nuna waɗanda aka ba irin wannan magani haɗarin mutuwarsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, wanda aka ba da wuri kuma ya fi cin moriya. Saboda haka hukumomin lafiya suke cewa a ba duk wanda infuluwenza ta kwantar a asibiti ko da awa 48 ta wuce, domin a jikin da ciwo ya yi tsanani bairos yakan daɗe yana ninkuwa. Infuluwenza ba wasa ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara.

Akwai baloksabir, mai sunan kasuwa Xofluza, da ya fito daga Japan a 2018, sau ɗaya tak ake shan sa. Tsohon maganin nan amantadin kuwa an daina ba da shi don infuluwenza, bairos ɗin ya riga ya bijire masa.

Korona tana da nata. Paxlovid ya sami izinin gaggawa a Amurka a Disamban 2021, ana farawa cikin kwana biyar da soma ciwo. A gwajinsa na farko, a kan masu haɗari da ba su yi riga-kafi ba, ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kusan kashi 89 cikin ɗari. Da aka gwada shi a kan masu ƙaramin haɗari, bai nuna wani bambancin a zo a gani ba wajen saurin warkewa. Darasi ɗaya ne da na oseltamivir. Yana kuma da tarko: ɗaya daga sinadaransa biyu, ritonabir, yana rage saurin da hanta ke narkar da wasu magunguna, har su taru a jini. Mai shan maganin kitse a jini irin simbastatin, ko wasu magungunan zuciya da na tsinka jini, dole ya zayyana wa likita duk abin da yake sha.

Matsalar ita ce kowane maganin bairos bairos ɗinsa kawai ya sani. Tamiflu ba ya taɓa korona ko rainobairos. To yaya za a gane? Mura rarrafowa take yi, yau ƙaiƙayin maƙogwaro, gobe atishawa, kana tafiya da ƙafarka. Infuluwenza faɗowa take yi, har kana iya faɗin awar da ta kama ka: da hantsi lafiya lau, da la'asar kana rawar ɗari ƙarƙashin bargo, ko ƙwayar idonka ciwo take. Korona tana iya kama da kowacce. Gwajin gaggawa na tsinken hanci yana taimakawa, sai dai idan ya ce babu infuluwenza ba lallai ne babu ba, don haka likita yakan fara ba mai haɗari magani bisa alamu idan lokacin yaɗuwarta ne.

Bairos ɗin RSV mai kama hanyoyin numfashi, wanda ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar wajen 100,000 a 2019, ba shi da maganin sha na yau da kullum. Abin da ake da shi kariya ce tun kafin kamuwa: allurar antibodi ta jarirai mai suna nirsebimab, da Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023, da riga-kafin masu juna biyu da ya fito a 2023. Jaririn da ya kamu kuwa, oksijin da ruwa da sa ido ake yi masa.

Sitiroid, da yadda aka juya labarinsa

A watan Yunin 2020 gwajin RECOVERY ya sanar cewa wani sitiroid mai suna deksametason, miligiram 6 a yini har zuwa kwana goma, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin kawai. Jumlar da ta biyo baya ce mutane ba su ji ba: ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin, bai amfana komai ba, alƙaluman ma sun ɗan karkata wajen cutarwa. Sitiroid garkuwa yake dannewa. A mako na biyu, lokacin da garkuwar ta wuce gona da iri tana cika huhu da ruwa, dannewar rahama ce. A rana ta biyu, lokacin da intaferon ke ƙoƙarin kulle ƙofofi, ɗaure mai gadi ne a bar ɓarawo. Indiya ta ga sakamakon barkatai da shi a 2021, lokacin da dubban masu korona, galibi masu ciwon suga da aka ɗura wa sitiroid, suka kamu da baƙar gansakuka mai cin hanci da ido. Mai asma da ciwonsa ya tashi, ko yaro mai tarin nan mai kama da haushi, likita na iya ba su sitiroid don dalilinsu na daban, mai shaƙar maganin asma kullum kuma kada ya daina.

Wa zai ɗauki wanne

Babba mai lafiya da mura ta rarrafo masa, ya jira, ya ba tari makonninsa. Idan infuluwenza ce ta faɗo masa yana cikin kwana biyun farko, maganin bairos zai iya rage masa yini guda, shi zai auna ko ya cancanci wahalar nema. Idan akwai tsoho ko jariri a gidan, ni zan karkata ga nema.

Mai juna biyu, da wadda ta haihu cikin mako biyu, da wanda ya kai 65, da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu, da mai asma, ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, sikila, ko garkuwar da cuta ko magani ya raunana, su kam jira ba nasu ba ne idan zazzaɓi ya faɗo da ciwon jiki. Ranar farko za a nemi likita, domin taga ƙarama ce. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: irin waɗannan su tambayi likitansu tun suna lafiya abin da za su yi idan ta faru, su kuma yi riga-kafin infuluwenza na shekara-shekara, wanda ke ɗaukar kusan mako biyu kafin ya kankama. Zazzaɓi ba tare da alamar hanci ko maƙogwaro ba yana iya zama wani ciwo daban, a inda ake da zazzaɓin cizon sauro a gwada jini. Tarin da ya wuce mako biyu yana tafe da rama ko gumin dare ko jini, a gwada tarin fuka.

Ga kowa da kowa, numfashi ne ke kawo ƙarshen muhawara. Haki a zaune, kasa ƙarasa jumla, leɓe ya sauya launi, ruɗewa, ko na'urar auna oksijin ta yatsa ta nuna 92 ko ƙasa, wannan asibiti ne yanzu. Jaririn da bai kai wata uku ba da ya yi zazzaɓi shi ma haka.

Yaro ƙarami ba zai ce maka yana haki ba, ƙirgawa ake yi. A bari ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. A ɗage rigarsa, a sa agogo a gefe, a zuba wa cikinsa ido, kowane tashi da sauka ɗaya ne, har minti guda cur, domin numfashin jarirai yana tsalle-tsalle, rabin minti yana yaudara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 ko fiye daga wata biyu zuwa 11, sannan 40 ko fiye daga shekara ɗaya zuwa biyar. A kuma dubi ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da yaron ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a ɗauke shi a tafi, ko da tsakar dare ne.